Mai Wankin Hular da Ya Daina Sa Hula

Ni na fi kowa sanin kan Malam Abdulƙahhar, don ni nake aske shi. Shagon askina da rumfarsa ta wankin hula bango ɗaya ya raba su, a wani layi na Fagge wanda in ka miƙe shi zai zubar da kai mahaɗar Bata. Sunana Hambali. Ni Bafulatani ne, shi Babarbare, saboda haka tun muna samari ba mu taɓa gaisuwar arziki ba. In ya iso da safe sai in ce, "Bawana ya fito aiki?" Shi kuma ya ce, "Ina ka baro shanun mutane?" Daga nan kowa ya kama sana'arsa.

A unguwar Kwaciri aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Barno da fataucin huluna, ya ga Kano ta karɓe shi, ya yi zamansa. Uban ya gaji sayarwa, shi kuwa Abdulƙahhar da ya ga ba shi da bakin ciniki sai ya koma wanki. Ya jiƙa hula, ya bi ta da burushi, ya sa mata sitati, ya kafa ta a kan katakon da aka sassaƙa kamar kai, ya jera a rana. In ka wuto da hantsi sai ka ce alhazai aka tara aka binne iya wuya. Da sana'ar nan ya auri Sharifa, ya gina ɗaki biyu, ya sa 'ya'yansa a makaranta. Ba attajiri ba ne, ba malami ba ne. Abin da aka san shi da shi a Fagge shi ne bai taɓa leƙo ƙofar gida ba hula ba, kuma in ya kafa ta ya ɗan karkata ta hagu, sai ka sake kallonsa.

Wata shekara aka fasa wani shagon huluna a Kantin Kwari. Wani ɗan baƙin ciki, wanda har yau ba mu gano shi ba, Allah ya isa tsakaninmu da shi, ya je ya tsegunta wa 'yan sanda cewa an ga kayan a rumfar mai wanki. Suka zo da hantsi daga wani caji ofis da ba zan kama sunansa ba. Wanda ya jagorance su wani saja ne mai suna Haladu, ƙato mai jan ido. Suka hau cire hulunan mutane daga kan katako, jiƙaƙƙu da busassu, suna cusawa a buhu.

"Ranka ya daɗe, kayan jama'a ne," in ji Abdulƙahhar. "Kowace da mai ita. A ba ni dama in kira su."

Saja Haladu ya matso gabansa. Bayan hannu ya sa ya kaɗe masa hula. Ta faɗa kwata, ya bi ta da takalmi ya danna. Sannan ya ɗora masa buhun a ka, ya ce, "Mu je, ɓarawo." Motarsu tana nan bakin titi, amma sai da ya bi da shi a ƙasa ta tsakiyar Bata, a gaban 'yan kasuwar da suka shekara talatin suna ce masa Malam. Ina biye da su da aska a hannu, ban ma san ban ajiye ta ba.

Bai daɗe a tsare ba. Masu huluna suka yi ta zuwa kowa yana nuna tasa, ɓarayin gaske kuma aka kama su a wani gari. Aka buɗe masa ƙofa aka ce ya tafi ya gode Allah. Ko sannu ba wanda ya ce masa.

Bai wuce gida ba, shagona ya shigo. Ya zauna ya ce in aske shi ƙwal-kwabo. Da na gama na ciro wata hulata daga ƙusa na miƙa masa, don kada ya shiga unguwa haka. Ya ture hannuna.

"Hambali, ka zama shaida. Na rantse da wanda raina yake hannunsa, hula ba za ta sake hawa kaina ba sai hannun da ya cire ta ya mayar da ita, a nan inda ya cire ta."

Na ce a raina taurin kan Barebari ne, kwana biyu zai huce. Ashe ban san abokina ba.

Akwai wani amininsa a kasuwar Sabon Gari, Nwabueze, wanda yake sayar masa da sitati da sabulu tun suna da baƙin gashi. Shi ne da ya ga kan nan a buɗe ya ji labari, ya bugi teburi ya ce 'yarsa za ta ɗauki maganar. Adaeze lauya ce, a Sabon Gari aka haife ta, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Ta zo har rumfa ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ka gane tun yanzu, wannan ba shari'ar laifi ba ce, ba za a ɗaure kowa ba. Ƙarar neman haƙƙi ce. Me kake so kotu ta karɓo maka?"

"Hulata."

"Da diyya fa?"

"Wannan ke kika sani. Ni dai hula, a kaina, da hannunsa, a gaban 'yan layi."

Ta kalle shi, ta kalli ubanta, ta ce to. Haka ta shigar da ƙarar.

A nan muka san cewa 'yan sanda ma suna da lauyoyinsu. Ofis guda gare su, ba abin da suke yi sai kare hukumarsu in wani ya kai ta ƙara. An ce wanzami ba ya son jarfa, ni da nake cikin sana'ar aska na san haka ne, amma ban taɓa ganin masu gudun jarfa irin waɗannan ba. Ba sa cewa ba a yi ba, ba sa cewa an yi. Abin da suka ƙware a kai shi ne a ɗage. Yau wani siriri zai miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, jiya aka miƙo min fayil ɗin, a ba ni lokaci in karanta." A ɗage. Ranar da aka dawo sai ka ga wani daban, gajere, shi ma jiya aka ba shi. Wata rana an yi wa Saja Haladu canjin wurin aiki. Wata rana duk lauyoyin suna aikin zaɓe. Wata rana ma ba wanda zai zo, sai alƙali ya kalli kujerarsu, ya yi tsaki, ya sa wata rana. Mu kuwa mun rufe shago, mun hau ɗan sahu, mun wuni a benci da yunwa.

Akwai lokacin da suka kira Abdulƙahhar ofishinsu, wai a tattauna. Muka je da Adaeze. Suka shanya mu a baranda har aka yi azahar, sannan wata mai gilashi ta sa aka shigo da mu. Ta ce hukuma tana so a rufe maganar cikin sirri, za a ɗan ba shi na shan ruwa, ya janye.

"A ina aka cire min ita, Hajiya?" in ji shi. "A cikin sirri?"

Ta cire gilashin tana dariya. "Haba Baba, hula ce fa! Duk wannan wahalar a kan hula?"

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Lemon da suka ajiye masa ko buɗewa bai yi ba. Ni na so in ce mata wani abu, Adaeze ta taka min ƙafa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Rana ta dafa wa Abdulƙahhar ƙeya har ta yi baƙi ƙirin. Mutumin da yake tsayawa a sahun gaba ranar Juma'a ya koma na ƙarshe, kusa da takalma. Wasu masu kawo wanki suka janye, wai mai wankin hula ba hula ai abin dariya ne. 'Yan layi suka sa masa suna Malam Kai-Buɗe. Sharifa ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce ya yi kaffarar rantsuwar ya huta, ai malamai sun ce ya halatta. Ya ce ya sani. Ya ce shi ba halacci yake nema ba.

Wanda ya fi yi min ciwo shi ne auren 'yarsa Zara. Ranar ɗaurin aure ya ce ba zai zauna a tsakiyar surukai da kai tsirara ba. Ya wakilta ƙaninsa, ya zo ya zauna a shagona, ya juya wa ƙofa baya. Muna jiyo maroƙi daga nesa yana cewa an ɗaura. Sai ya ɗauki ƙyallen aski ya share fuska. Na tsani Saja Haladu a ranar fiye da ranar da ya yi abin, na tsani kowane lauyan da ya taɓa cewa a ɗage.

Ana cikin haka aka kawo musu wani sabon lauya, Barista Bahauddeen. Shi ba irin na baya ba ne. Ɗan Kano ne, ya san ta kan mutane, baki kamar zuma. Da ya karanta fayil ya ga ba su da abin cewa, sai ya bar kotu ya biyo ta unguwa. Ya je ya gaida Limamin masallacin layinmu, ya durƙusa har ƙasa, ya ce shi ɗa ne, abin kunya ne dattijo kamar Malam Abdulƙahhar ya yi ta jeka-ka-dawo a kotu alhali ga manya a gari. Liman mutumin kirki ne, ya ɗauka da gaske sulhu ake nema. Ya aiko a kira Abdulƙahhar bayan la'asar.

Adaeze ta sha gaya masa kada ya zauna da su in ba ta nan. Amma wa zai ce wa Liman sai lauyata ta zo? Muka tafi tare. Zaure ya cika da dattawa, ga Barista a gefe cikin farar shadda da hula mai tsada. Na duba ko'ina ban ga Saja Haladu ba. Aka ce yana bakin aiki, amma ya aiko da gaisuwa.

Dattawa suka yi ta magana ɗaya bayan ɗaya. Haƙuri maganin zaman duniya. Mai yafiya Allah yana yafe masa. Ba a ja da hukuma. Abdulƙahhar ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, don a wajenmu ba a musu da manya a zaurensu. Da Barista ya ji shirun ya yi yawa sai ya ce, "Alhamdu lillahi, tunda Baba bai ce komai ba, Allah gafarta Malam a rufe mana da Fatiha."

Wanda ya san mu ya san abin da wannan yake nufi. Ko rigimar gado ce, ko ta iyakar gona, da zarar an karanta Fatiha masu rigima sun shafa, magana ta mutu, wanda ya sake tayar da ita shi ne mara mutunci. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Barista ya rufe ido ya kafa fuska a tafin hannunsa, ya ja amin ɗinsa har ta fi ta kowa tsawo. Abdulƙahhar yana kusa da ni. Hannuwansa biyu suna kan gwiwoyinsa, ya damƙe su har jijiyoyi sun tashi. Aka shafa, bai motsa ba. Na ga Liman ya kalle shi, ya kau da kai.

Kafin gari ya waye magana ta zaga layi. Wasu suka daina amsa masa sallama da fara'a, wai mutumin da ya ƙi Fatiha me ya rage masa. Ya ce min, "Fatiha kullum ina karanta ta a salla, Hambali. Abin da na ƙi shi ne a lulluɓe min zalunci da ita."

Zaman kotu na gaba Barista Bahauddeen ya miƙe da murmushi ya shaida wa alƙali cewa an yi sulhu a gaban dattawa, a kori ƙarar. Adaeze ta juyo ta harare mu. Da aka fito ta tsare Abdulƙahhar a bakin mota.

"Baba, ban hana ka ba? Me ka ce musu?"

"Ban ce komai ba."

"Ka sa hannu a wani abu?"

"Wane hannu? Ko Fatihar ban shafa ba."

Sai ta fashe da dariya. Ta ce, "Baba, Allah ya ja kwana."

Barista da kansa ya kawo Liman ya ba da shaidar sulhun. Liman ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya faɗi yadda aka taru da yadda aka yi nasiha. Sai Adaeze ta miƙe, ta rusuna masa.

"Allah gafarta Malam, in an yi sulhu a zaurenka, me yake nuna an gama?"

"A karanta Fatiha, a shafa."

"Har da masu rigimar?"

"Su ne ma kan gaba."

"Malam Abdulƙahhar ya shafa?"

Liman ya kalli Alƙur'anin da ke gabansa, ya kalli Barista. Ya ce, "Ko hannu bai ɗaga ba. Gwiwoyinsa ya riƙe har aka tashi."

Wallahi daɗin da na ji a lokacin ban ji shi ranar aurena ba. Barista ya hau juya takardu kamar amsar tana ciki. Shi da ya zo da dabarar 'yan gari, ya manta cewa mai neman a shafa masa Fatiha ba ya rufe ido. Alƙali ya ce babu wani sulhu, kuma ya gaji, ba zai sake ɗagewa ba. Ba a jima ba ya yanke hukunci: an ci mutuncin mai ƙara ba bisa ƙa'ida ba, a ba shi haƙuri a bainar jama'a a wurin da aka yi abin, kuma wanda ya cire masa hula ya mayar masa.

Kada ka ɗauka sun zo washegari. Suka ce za su ɗaukaka ƙara, ba su ɗaukaka ba. Suka ce Saja Haladu ya yi ritaya, ba su san inda yake ba. Sai da Adaeze ta koma ta nemi kotu ta kira shugaban ofishin lauyoyin nasu ya zo ya yi bayanin dalilin da ba za a tura shi gidan yari ba saboda raina umarninta. A makon nan suka gano gidan Haladu.

Suka zo da tsakar rana, rana tana dukan ƙwaƙwalwa. Barista Bahauddeen yana gaba da wani kwali a hannu, sai magatakardar kotu wanda zai shaida an cika umarni, sai Adaeze da ubanta. Layi ya cika, har daga Kwari mutane suka baro shagunansu. Da ƙyar na gane Haladu. Ƙaton nan ya zube, gemu ya yi fari, yana sanye da wata koɗaɗɗiyar riga da tsohuwar hula wadda gumi ya ci bakinta. Ya tsaya a gaban rumfa ya ce a yi haƙuri, kuskure ne, sharrin aiki ne. Abdulƙahhar yana zaune yana goge wata hula da burushi, ya ce bai ji ba. Haladu ya maimaita da ƙarfi, har na bayan layi suka ji.

Barista ya buɗe kwali ya fito da sabuwar hula zanna, irin wadda ko manyan 'yan Kwari sai da salla suke sa ta. Ya miƙa wa Haladu. Abdulƙahhar ya ɗaga hannu.

"Wannan daga kan wa aka ciro ta?"

"Sabuwa ce dal, Baba, daga shago."

"To mayar da ita shago. Tawa daga kan mutum aka cire ta, mai ita ya tafi ba komai. Hular da ba ta bar kan kowa a buɗe ba, ba ta biya tawa ba."

"Baba, kotu ba ta ce haka ba."

"To mu koma mu tambaye ta. Ni na saba da benci."

Barista ya kalli magatakarda, magatakarda ya kalli sama. Kowa a wurin ya san in aka tashi ba a gama ba, ubangidan Barista ne zai tsaya a gaban alƙali. Na ga hannunsa ya tafi kan tasa hular ya ƙara danna ta. Sannan ya juya ya ce a hankali, "Saja, cire taka."

Haladu ya tsaya kamar bai ji ba. Ya duba hagu, ya duba dama, duk inda ya kalla idanu ne. Ya sa hannu biyu ya cire ta. Ashe sanƙo gare shi har ƙeya. Ya matso, ya sunkuya, ya ɗora ta a kan Abdulƙahhar. Hular ta yi masa kaɗan, ga datti, irin wadda in an kawo masa wanki sai ya yi mita. Ya sa yatsa biyu ya gyara mata zama. Wata mata a bayanmu ta rangaɗa guɗa, Nwabueze ya yi ta tafi shi kaɗai.

"Malam," in ji Haladu, muryarsa ta dishe, "ka yafe min?"

"Kotu ta ce ka roƙa, ka roƙa. Ba ta ce in yafe ba."

Barista ya ja magatakarda suka shige mota, ko waiwayen mutumin nasu bai yi ba. Haladu ya ɗan tsaya yana shafa kai, sannan ya kama hanyar Bata a ƙasa, jama'a suna dare masa. Wani dattijo a gefena ya ce abin tausayi. Na duba zuciyata ban sami tausayin ba, kuma ban nemo shi ba.

Na matso gaban abokina zan yi masa barka, har na buɗe baki zan tsokane shi da cewa bawa ya sami hular ubangida. Bai ko kalle ni ba. Ya sa hannu ya ture ni gefe, idonsa yana kan sanƙon nan da ke ƙyalli a cikin rana.

"Matsa, Hambali," ya ce. "Kana tare min."